Jakuna 400, In Ji Wa?

A Zangon Kumasi ba a rasa masanin tarihi. Mai shayi masani ne, wanzami masani ne, direban tirotiro ma, in ka samu kujerar gaba, kafin ku tashi daga Aboabo ku isa Kejetia ya gama jero maka sarakunan Zango da wanda ya ci amanar wa. Sharuɗɗan zama masani a wurinmu biyu ne: murya mai kauri, da iya faɗin shekara ba tare da ƙifta ido ba. In ka ce "tun zamanin da," wani zai yi maka musu. In ka ce "1898" ka kurɓi ataya, magana ta mutu. Allah ya hore mini duka biyun. Shi ya sa tun ina ƙaramin ticha 'yan majalisarmu suka laƙaba mini Farfesa, ni kuwa ba ni da halin hana mutane faɗin abin da ke zuciyarsu.

Sunan ne ya ja ni. Na ga tunda jama'a sun riga sun naɗa ni, takarda kawai ta rage, sai na shiga karatun digiri na ƙarshen mako a fannin tarihi a wata jami'a. Da aka zo rubuta kundin kammalawa, abokan karatuna suna ta kame-kamen abin da za su yi, ni ko gezau: fataucin goro da kafuwar Zangon Kumasi. A gida aka haife ni, wa zai koya mini hanyar ɗakin uwata? Na zauna na zuba shi yadda nake zubawa a majalisa.

Kuma akwai kaya a ciki, ba yabon kai ba. Na kawo Bowdich, Baturen Ingila da ya zo Kumasi a 1817, da Dupuis da ya biyo sawunsa a 1820, waɗanda suka tarar da Musulmi a fadar Asantehene Osei Bonsu suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu, babbansu Muhammadu al-Gamba. Na kawo Salaga, kasuwar ƙasar Gwanja inda fataken Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron Tonawa, wato mutanen Asante. Na kawo yadda Turawa suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta kuɓuce wa Tonawa, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu, sannan basasar Salaga ta 1892 ta watsa malamai da attajirai, har Alhaji Umaru ya ƙare a Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Na gangaro kan Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango da gwamnatin Nkrumah ta kora daga ƙasa a 1957, da dokar korar baƙi ta Busia a 1969.

A tsakiyar wannan duka na dasa abin da na fi ji da shi: kakan babana, Madugu, wanda ya shigo Kumasi a 1898 da jakuna 400 niƙi-niƙi da kaya, ya kai gaisuwa wurin Asantehene Prempeh, sarki ya ji daɗi ya nuna masa fili ya ce ya sauka da jama'arsa. Labari ne da ya zaga unguwa. Na sha jin sa a bakin mutanen da ba su ma san ni jinin gidan ba ne, kuma duk sa'ad da na ji sai in gyara zaman hula.

Mai duba aikina wata Dakta ce, Batoniya, 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta dawo mini da kundin jajawur kamar a kansa aka yanka ragon Layya. Abin haushi, ba ta ce na yi ƙarya a ko'ina ba. Tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa a gefen kowane shafi, tun daga farko har ƙarshe: in ji wa?

Na je ofishinta da niyyar wayar mata da kai. Na ce, "Dakta, waɗannan abubuwa ai kowa ya san su."

Ta ce, "Madalla. Kawo mini Kowa ɗin, da shekarar da aka buga shi, da lambar shafi."

Daga nan ta karanta mini dokar 'yan tarihi, wadda suke kira tsarin Shikago. Duk maganar da ba a cikinka ka haife ta ba, sai ka ɗora mata ƙaramar lamba a ka, ka sauka ƙasan shafi ka rubuta sunan marubuci, sunan littafi, garin da aka buga, kamfanin da ya buga, shekara, da shafin da maganar take. In takardar gwamnati ce, sai sunan gidan adana takardu da lambar fayil. In hira ce, sai sunan wanda ka yi da shi, shekarunsa, inda kuka zauna, kwanan wata, da harshen da kuka yi magana. In kalmomin wani ka ɗauko sukutum, ka rufe su da alamar zance, in ba haka ba sunanka ɓarawo ko da rawani ka zo. Manufar duka, in ji ta, ita ce wanda bai yarda da kai ba ya iya tashi ya je inda ka je, ya ga abin da ka gani.

Na ce a raina, in lambobi take so, lambobi za ta gani. Na samo sunayen manyan littattafai, na yi ta watsa su a ƙasan shafi. Ivor Wilks, mai littafin Asante in the Nineteenth Century na 1975, shi ya fi shan wahala a hannuna. Duk maganar da ta rasa uba sai in kai masa riƙo.

Dakta ta duba, ta duba, ta ce, "Malam, littafin Wilks shafi kusan 800 ne. Yaya aka yi duk abin da ka samo a wurinsa a shafi na 12 yake?"

Na ce shafin ne mai albarka.

Ta ce kuma na rubuta Dupuis, 1824, tamkar na riƙe littafin da hannuna. Na riƙe? Na ce na riƙe wanda ya riƙe shi. Ta ce to haka zan rubuta: Dupuis, kamar yadda wane ya kawo a littafi kaza, shafi kaza. Ba a hawa kan karatun wani a ce da ƙafa aka zo.

Dole na koma na yi abin da ban taɓa zaton Farfesa zai yi ba, wato karatu. Na karanta Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda aka buga a Zariya a 1980, na ga yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe hanyar Gwanja. Na karanta People of the Zongo na Enid Schildkrout, 1978, Ba'amurkiyar da ta zo ta zauna cikinmu ta rubuta mu, har na ji kishi, don ta san wasu lungunanmu fiye da ni. Na je gidan adana takardu na PRAAD da ke harabar cibiyar al'adu, na koyi cike takardar neman fayil, na koyi cewa takardun yankin Ashanti da haruffan ARG lambarsu ke farawa, na koyi juya takardar da ta girmi kakata ba tare da na lashi yatsa ba. Sannu a hankali kowace magana a kundina ta samu ubanta. Saura Madugu. Babu shi a Lovejoy, babu shi a Schildkrout, babu shi a fayil ɗin da na buɗe. Na ce Turawa ne, sun saba danne manyanmu.

Sai Allah ya kawo agaji. A gidan wani aboki na ci karo da ɗan littafin da wata ƙungiyar matasa ta buga don taronta na shekara, mai hotunan shugabanni a bango da tallar masu sayar da waya a baya. A shafin tarihi, ga Madugu baƙi a kan fari: 1898, jakuna 400, Prempeh, fili. Har da ƙarin cewa sarki ya miƙe tsaye ya tarbe shi. Na rubuta shi a ƙasan shafi da duk ƙa'idar Shikago, ban bar ko waƙafi ba, na kai wa Dakta ina taku ɗai-ɗai.

Ta yaba wa waƙafin. Sannan ta cire tabarau ta ce tana da 'yan tambayoyi biyu. Turawa sun kama Prempeh a watan Janairun 1896, suka tsare shi a Elmina, suka wuce da shi Saliyo, a 1900 suka kai shi tsibirin Seshel, bai sake taka Kumasi ba sai Nuwamban 1924. To, a 1898 a ina Madugu ya gaishe shi? Ko jakunan sun iya ninƙaya ne? Na biyu, ƙudan tsando ba ya barin jaki ya yi ƙarko a kurmi, shi ya sa da ka ake fito da goro zuwa kasuwannin arewa, can ne jakuna ke karɓa. Jaki 400 a tsakiyar Kumasi, me suka sha?

Na ce amma ai an buga a littafi.

Ta ce maɗaba'a ba ta rantsar da kowa. In je in tambayi wanda ya rubuta inda ya samo.

Marubucin sakataren ƙungiyar ne, yana da shagon gyaran waya wajen Alabar. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce shi ba ya rubuta abin da bai tabbatar ba, a saƙon murya na WhatsApp ya ji, har ya kunna mini. Muryar wani direba ce da na sani. Direban ya ce shi a rediyo ya ji, wani dattijo ya bugo waya a shirin dare ya faɗa. Aka yi mini kwatancen dattijon: tsohon dillalin goro ne a Yalwa, idonsa ya yi rauni amma kansa garau.

Na same shi a zaure a kan buzu, da gwangwanin tofa yawu a gefe, da rabin goro a naɗe cikin ɗanyen ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye nawa goron, na kunna na'urar ɗaukar magana a wayata, na faɗi kwanan wata da wuri kamar yadda aka koya mini.

"Baba Alhaji, labarin Madugu mai jakuna, a wurin wa kuka ji shi?"

"A'a, yaro, wannan ai daga tushe na samo shi. Daga bakin jikan gidan."

Gabana ya faɗi don murna. Ashe akwai wani dattijo a danginmu da ban sani ba. Na gyara wayar.

"An daɗe. Wurin walimar aure ne a Sabon Zango. Wani ɗan ticha ne, mai ƙaton kai, ga surutu. Ya zauna kusa da ni, ya cinye naman da ke gabansa ya miƙo hannu cikin nawa, yana ta ba da labarin kakansa da ƙarfi don 'yan matan amarya su ji. Yaron akwai ilimi, sai dai ci. Ka san shi?"

Na ce na taɓa ganinsa.

Ina fita zauren komai ya dawo mini: walimar, da shinkafar, da yarinyar da nake so ta ji, wadda daga baya ta auri wani mai sayar da kayan gyaran mota a Suame. Ita ta ce danginsu malamai ne tun daga Salaga, ni kuwa ba zan zauna hannu rabbana ba, sai na ɗauko kakan babana na naɗa masa rawani nan take. Shekarar kuwa daɗin faɗi ta yi mini. Amma a nan dole a yi mini adalci: ni jakuna 40 na ce. Ina da tabbaci. Sifilin nan na ƙarshe ba nawa ba ne, wani mara tsoron Allah ne ya ƙara shi tsakanin Yalwa da gidan rediyo, kuma har gobe ina neman sa.

Da na kai wa Dakta rahoto, ta yi dariya har ta kifa kai a tebur. Da ta farfaɗo ta ce kada in ɗauka ni na fara. Abin yana da suna a wurin masana, kuma a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin fitattun nazarce-nazarce a kansa: David Henige ya buga maƙala a 1973 a kan garuruwan Fante na bakin teku, ya nuna yadda abin da aka rubuta a littafi ke komawa bakin tsofaffi, mai bincike ya zo daga baya ya ɗauka a matsayin gadon kaka da kakanni. Nawa dai ya fi nasu zagaye, don daga bakina ya fita, ya bi rediyo da waya da maɗaba'a, ya dawo ƙasan shafina da waƙafinsa. Na tambaye ta, tunda yanzu an gano asalin majiyar, yaya tsarin Shikago ya ce mutum ya kawo kansa? Ta nuna mini ƙofa.

Da yamma na kai ƙara wurin kawuna, malamin zaure ne da ke karantar da manya bayan sallar Asuba. Na ce Turawa sun ƙirƙiro wata fitina, ba ka isa ka yi tari ba sai ka faɗi wanda ka gani yana yi. Bai ce komai ba. Ya jawo gafaka, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya miƙo mini. Ijazarsa ce ta Muwaɗɗa: ya karanta a wurin wane, shi kuma a wurin wane, suna bayan suna har zuwa Imamu Malik a Madina. Ya ce Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ya ce malaman hadisi ba sa tsayawa kan an ce, sai sun bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, su ga ko wannan ya riski wancan, ko mai gaskiya ne, ko mai mantuwa ne. Daga baya na gano shi kansa Wilks ɗin da na yi ta jibga wa marayu ya bi irin waɗannan salsaloli na malaman Wangarawa, ya yi rubutu a kansu a 1968.

Na ce, "To Kawu, da labarin jakunan nan ruwaya ce, wace daraja za a ba shi?"

Ya ce, "Maudu'i. Mai ruwayar kuma a daina karɓar ko sallamarsa sai da shaidu."

Saura mutum ɗaya da ban tambaya ba, wadda tun farko tana cikin gidanmu tana jan carbi: kakata, 'yar Madugun ta cikinsa. Ban taɓa kawo ta a lissafi ba saboda ba ta faɗin shekara. Na shiga ɗakinta da fura, na kunna waya.

"Hajiya, shekarunki nawa?"

"Kai mijin banza, sai yau ka san kana da mata? Me za ka yi da shekaruna, sadaki za ka ƙara?"

Da aka gama wasan jika da kaka, sai ta ba ni darasin da na biya kuɗin makaranta ban samu ba. Kowace magana sai ta rataya mata mai ita. Wannan da idona na gani. Wannan Baba ne ya faɗa mini, ban gani ba. Wannan a bakin kishiyar uwata na ji, kada ka rubuta, ba ta da gaskiya. Da na matsa mata kan wata shekara, ta ce ba a haife ta ba a lokacin, kada in sa ta ƙarya tana dab da kabari.

Ga abin da ya fito. Babanta yana saurayi ya biyo ayari daga ƙasar Katsina da ƙafa, da kayan wani a kansa. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, yana loda huhunan goro da za a kai bakin teku a sa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Tsakiyar kansa babu gashi saboda gammo, kuma har ya tsufa wuyansa ba ya juyawa sosai, in ka kira shi sai ya juyo da duk jikinsa. Prempeh kuwa babanta ya gan shi da gaske. Ranar da sarkin ya dawo gari ya cika ya batse, shi kuma ya hau bishiya ya hango shi daga nesa, reshe ya karye, ya faɗo kan wata mai sayar da ƙosai. Mai ƙosan ita ce uwar kakata.

"Jakuna fa, Hajiya?"

"Ya taɓa sayen ɗaya. Bai kai Sallah ba."

Haka na rubuta shi, da sunanta, da unguwa, da kwanan wata, da cewa da Hausa aka yi hirar, da cewa ita ma daga babanta ta ji. Na haɗa da shekarar dawowar Prempeh daga littafi, shafin gaskiya wannan karon. Dakta ta ce duk kundin babu shafin da ya kai wannan, domin madugai sun samu masu rubuta su, amma waɗanda suka ɗauki goron a ka ba kasafai ake jin sunansu ba. Na karɓi yabon, ko da yake an sauke ni daga jikan madugu zuwa jikan wanda ya faɗo kan ƙosai. Na ci jarrabawa. Na kai kwafin kundin majalisa, aka yi ta shafa bangonsa ana sa albarka, ba wanda ya buɗe.

Ranar Lahadin da ta wuce na je ɗaurin aure. Ina shiga rumfa maroƙi ya hango ni, ya saki wanda yake yi wa kirari ya yo kaina da lasifika: ga jikan Madugu mai jakuna 1,000, wanda sarki ya sauko daga karaga ya riƙe wa linzami, wanda jami'a ta bincika ta tabbatar! Jama'a suka juyo. Na duba dama, na duba hagu. Kawu bai iso ba, Hajiya tana cikin gida wurin mata, Dakta kuwa ba ta zuwa bikin Zango. Na zaro sidi 20 na manna masa a goshi.

Wani ɗalibina da ke gefe ya matso ya ce, "Ticha, wai da gaske ne jakuna 1,000?"

Na ce, "In ji maroƙi, rumfar biki, Asawase, ranar Lahadi, da Hausa. Rubuta."